A Soya Shi Tukuna

A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan koko. Ba kokon gero da a ke sha da ƙosai da safe ba, a'a, kokon itace, wanda 'yan'uwanmu na ƙasar Kurmi a Jihar Taraba su ke nomawa a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa, su shanya, su ɗura a buhu, mota ta kwashe zuwa Kudu. Abin da ya jawo maganar kuwa, gardama ce ta tashi a wani ƙauye wajen Baissa, ran da kwamiti ya zauna domin shirin bikin godiyar kaka.

Wani saurayi da ya dawo daga karatu a birni ya ciro wayarsa ya nuna wa dattawa wani bidiyo. Turawa ne zaune a ƙasa sun yi da'ira, ba takalmi, ga kyandir a tsakiya, kowa yana riƙe da ƙoƙon wani baƙin abin sha ya rufe ido. Yaron ya ce, "Baba, kun ga abin da mu ke sayarwa a buhu, ga yadda a ke girmama shi a ƙasashen waje. Ɗanye su ke shan shi, wuta ba ta taɓa shi ba, an ce magani ne. Me zai hana mu yi namu ran godiya?" Dattijon da ke shugabancin zaman ya daɗe yana duban wayar, sa'an nan ya miƙa masa abinsa ya ce, "Ɗana, wannan zama ya yi mini kama da na bori. Ba za a kawo shi ƙofar ɗakin sujada ba." Aka tashi ba a shirya ba, aka ce a tambayi malaman gona.

To, ga ra'ayinmu, mun kuwa faɗa musu baki da baki kafin mu rubuta. A sha koko a taro, lalle ya kamata a sha. Amma a soya shi tukuna, a kuma bar wa masu kiran ruhu kiransu. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan biyu damunmu, wanda ba wanda ya ambata a zaman nan. Mun tambayi manoma goma sha ɗaya da ke wurin ko akwai wanda ya taɓa shan abin da aka yi da kokon gonarsa. Ko ɗaya babu. Akwai mai shekara talatin yana noman abin.

Koko ba ɗan ƙasarmu ba ne. Asalinsa kurmin Amazon ne a Amurka ta Kudu. A 2018 masu tonon kufai suka ba da labarin sun sami alamarsa a cikin tukwanen wani tsohon mazauni a kudancin ƙasar Ekwado, sun kai shekara 5,300. Amma waɗanda suka ɗaukaka shi su ne mutanen Maya na ƙasashen da a yau a ke kira Gwatamala da Beliz da kudancin Meziko, daga baya kuma mutanen Aztek. A 1984 aka tono wata tukunya mai murfi a kabarin wani babban mutum a Rio Azul ta Gwatamala, ga kalmar kakaw rubuce a jikinta da rubutun Maya, da aka auna busasshen abin da ya maƙale a ciki kuwa sai ga shi koko ne. Su kan sha shi wajen aure, da wajen sarauta, da wajen yi wa allolinsu hadaya. Ba su san sukari ba. Su kan dama shi da ruwa da garin masara da barkono, wani lokaci da zuma, su riƙa tsiyaya shi daga wannan tukunya zuwa waccan daga sama har ya yi kumfa, gama kumfan ne su ke ɗauka daɗin abin.

A wurin Aztek kuwa har kuɗi ne, kamar yadda wuri ya zama kuɗi a ƙasar Hausa. Akwai takardar farashi ta garin Tlaxcala ta shekara 1545: macen talotalo ƙwayar koko 100, ƙwan talotalo ƙwaya 3, babban tumatir ƙwaya 1. Har da masu jabu a kasuwa, waɗanda su kan fafe ƙwayar su cusa laka a ciki. Ashe halin ɗan Adam ɗaya ne ko'ina.

Bayan mutanen Sifen sun ci ƙasar Aztek a 1521, koko ya ƙetare teku, aka zuba masa sukari. Ekklesiyar wancan zamani ma ta sha gardama a kansa, ba yau aka fara ba. An yi shekaru ana muhawara ko shan cakulan yana karya azumi, har wani babban limamin Roma mai suna Brancaccio ya rubuta cewa ba ya karyawa. Wani Bature ɗan Ingila, Thomas Gage, wanda ya zauna a Chiapas, ya ba da labari a littafinsa na 1648 cewa matan manyan gari su kan sa barori su kawo musu cakulan a tsakiyar sujada, bishop ya hana, matan suka ƙaurace wa majami'arsa. A 1753 masanin tsire-tsire Linnaeus ya raɗa wa itacen suna Theobroma, watau abincin alloli da Helenanci. Cakulan mai tauri da yara su ke tauna sabon abu ne, sai a 1847 aka fara yin sa a Ingila.

Zuwa Afirka kuwa ta tsibiran Sao Tome da Fernando Po ya biyo. Wani maƙeri ɗan Gana, Tetteh Quarshie, ya kawo iri daga Fernando Po ya shuka a Mampong a 1879, kafin 1911 ƙasarsa ta fi kowace ƙasa a duniya fid da koko. Yanzu Kwaddibuwa da Gana su biyu su ke ba da wajen rabin kokon duniya ko fiye. Amma mu lura da wani abu. Itacen ya iso mana, buhu da sikeli sun iso, sanin yadda a ke dama shi a sha kuwa aka bar shi can a ƙetaren teku. An koya wa kakanninmu su noma domin jirgi. Shi ya sa manomi a Kurmi ko Ikom ko Ondo zai sayar da buhun koko, ya ɗauki kuɗin ya sayo gwangwanin abin sha wanda in ka karanta jikinsa za ka tarar sukari ya riga koko a jerin abin da ke ciki.

Zaman da saurayin nan ya nuna a waya ba shi ne na Maya na dā ba. Sabon abu ne. Ya kafu ne a farkon shekarun 2000 a wurin baƙi 'yan Amurka da Turai da ke zaune a bakin Tafkin Atitlan na Gwatamala, musamman ƙauyen San Marcos, daga nan ya bazu zuwa biranen Turai da Amurka da tsibirin Bali. Mai jagora ya kan dama koko mai kauri, wajen giram 40 ga mutum guda, a zauna a da'ira, kowa ya faɗi abin da ke zuciyarsa ko ya ƙudurta shi a ɓoye, a yi waƙa, a ja numfashi, a yi shiru. Da yawa su kan kira abin da su ke ce da shi ruhun koko, ko Uwa Koko, wai ta buɗe musu zuciya. Galibi kuma sai an biya kuɗin shiga. 'Yan Maya na ainihi suna nan, mutanen Kekchi na Alta Verapaz har yau suna dama koko wajen neman aure da lokacin shukar masara, da yawansu ma Kirista ne. Akwai daga cikinsu masu ƙorafin cewa baƙi suna ciniki da sunan kakanninsu a kan abin da kakannin ba su yi ba.

Yanzu maganar ɗanye. Mu da aikinmu ya ke a gona, wannan ce muka fi sani.

In ka fasa kwanson koko za ka sami ƙwaya 30 zuwa 40 a lulluɓe cikin farin yauƙi mai zaƙi. Ɓare guda ka tauna, ɗaci da bauri za su hana ka haɗiyewa, cikinta kuma shuɗi-shuɗi ne mai jan duhu. Ƙanshin cakulan babu shi sam. Sai an tara ƙwayoyin a kan ganyen ayaba an rufe, kamar yadda mata su ke rufe kalwa in za a yi daddawa, kwana biyar zuwa bakwai, ana juyawa bayan kwana bibbiyu. A cikin kwanakin nan yauƙin ya kan tsimu, ya zama kamar giya, ya koma tsami, tsamin ya ratsa ƙwayar ya kashe ta, ɗacin ya ragu, launin ya koma ƙasa-ƙasa. Tulin kuwa ya kan yi zafi har digiri 45 zuwa 50. Kowane manomi ya san wannan, in ya cusa hannu a kwana na uku ba ya iya daɗewa. To, masu cin ɗanyen abinci a Turai sun ce abu ya daina zama ɗanye in zafinsa ya wuce digiri 42, waɗansu su ce 48. Ashe ke nan kokon da aka tsima da kyau ya riga ya taɓo wannan iyaka ko ya wuce ta tun yana ƙarƙashin ganyen ayaba. Kalmar ɗanye a jikin leda yawanci ta ciniki ce.

Wannan dai gardamar suna ce, ba za ta kwantar da kowa a asibiti ba. Abin da zai kwantar da mutum shi ne abin da ke jikin ɓawon. Mai karatu, tuna inda a ke shanya koko a ƙauyenku. A bakin hanya ne, ko a kan tabarma a tsakar gida, mako guda ko fiye. Kaji sun bi ta kai, awaki sun taka, ƙadangare ya yi kashi, tsuntsu ya saki nasa daga sama, yara sun juya da ƙafa. Ƙwayar cutar da a ke kira salmonela, mai kawo zawo da amai da zazzaɓi, daga kashin dabbobi da tsuntsaye ta ke fitowa. Ta kuma iya zama cikin busasshen abu mai maiƙo wata da watanni ba ta mutu ba, koko kuwa rabinsa mai ne. Maiƙon nan ya kan kāre ta daga tsamin ciki, har 'yar kaɗan ta isa ta kayar da yaro. Ko manyan masana'antu da dukan tsabtarsu ba su tsira ba: a 2022 an rufe wata masana'antar cakulan a garin Arlon na Beljiyam bayan yara da yawa a ƙasashen Turai sun kamu. Balle mu da za mu shayar da mutum ɗari biyu, da tsofaffi da masu ciki da yara, a ƙauyen da in ruwa ya sauka mota ba ta shiga. Suya ce babbar kariyarmu. Ƙwayar da ta yi fumfuna kuwa a zubar, gama dafin fumfuna ko wuta ba ta cinye shi duka.

Ba za mu ɓoye abin da masu son ɗanye su ke da shi na gaskiya ba. Akwai sinadarai a cikin koko masu taimakon jijiyoyin jini, tsimi da suya kuwa suna rage su. Haka ne. Amma kada a kai abin inda bai kai ba. A wani babban gwaji da aka yi a Amurka da mutum fiye da 21,000, wanda aka ba da sakamakonsa a 2022, an ba rabinsu ƙwayar maganin da aka tace daga koko shekaru da dama, ba a kuwa ga bambanci tabbatacce a jimlar ciwon zuciya da shanyewar jiki ba, ko da ya ke mutuwa ta ciwon zuciya ta yi ƙasa a cikin masu shan. Abinci ne mai kyau. Mai hawan jini kada ya ajiye maganinsa saboda shi.

Su ma masu abin ai soyawa su ke yi. Mace a Oaxaca ta Meziko ko a tsaunukan Gwatamala ta kan ɗora faffaɗan kasko na yumɓu a kan murhu, ta soya ƙwayar, ta ɓare, ta niƙa a dutsen niƙa wanda ta sa garwashi a ƙarƙashinsa domin man ya narke, sa'an nan ta burga da wani itace mai kama da maburginmu na miya. A waɗansu wurare ba su tsima shi sosai, wankewa su ke yi su shanya, amma suya kam ba su barin ta. Da muka ga hotunan kayan aikinsu dariya ta kama mu, gama ba abin da babu a madafar uwayenmu.

Saboda haka muka gwada, mu da matan zumunta na ƙauyen nan. Karon farko muka ɓata. Mun sa wuta irin ta suyar gyaɗa, kafin mu farga bayan ƙwayar ya ƙone, cikinta bai nuna ba, abin ya fito da warin gawayi, ko yaran da ke leƙe ta taga ba su gama ƙoƙonsu ba. Muka kai sauran wurin mai injin niƙa, injin ya yi zafi, man ya narke ya liƙe haƙoran, mutumin ya ce kada mu sake kawo masa. Yana da gaskiya, masu masara suna jira a layi.

Karo na biyu ya yi, ga yadda muka bi. A zaɓi ƙwayar da ta tsimu ta bushe sarai, wadda in ka damƙa ka girgiza ta kan yi ƙara. A tsaga goma da wuƙa a duba: mai launin ƙasa da tsage-tsage a ciki ita ce mai kyau, mai launin toka mai santsi ba ta tsimu ba. A tsince duwatsu da lalatattu. A zuba a kasko ba mai, kada a cika, wuta sanyi-sanyi ta garwashi, a yi ta juyawa ba tsayawa minti 20 zuwa 30. Za a ji warin tsami ya fara tashi, kada a tsorata, tsamin tsimi ne ke fita. In ya wuce sai ƙanshi ya biyo, ƙwayoyin su fara fashewa ɗai-ɗai, ɓawon ya saki in an murza da yatsa. A sauke a baza a kan tire mai tsabta, ba tabarmar da aka yi shanya a kai ba, wanda ya taɓa ɗanyen kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa soyayyen, in ba haka ba an yi aikin banza. In ta huce a murje, a bakace a faifai. Daga nan sai turmi, sa'an nan dutse ko injin hannu irin na markaɗen gyaɗa, sau uku ko huɗu. Da fari gari ne, can sai ka ga ya fara sheƙi, ya koma kamar markaɗen gyaɗa na ƙuli-ƙuli. Kada a ɗiga ruwa ko kaɗan a wannan mataki, zai dunƙule ya ƙi niƙuwa. A mulmula shi curi-curi a ajiye a wuri mai sanyi, zai daskare da kansa, ya kuma daɗe bai lalace ba. Ranar sha a kankare a tafasasshen ruwa, a sa citta da kanumfari da ɗan barkono, a sa mazarƙwaila ko zuma, a burga har ya yi kumfa. Wata uwa a cikin matan ta ƙara gasarar masara domin ya yi kauri ya riƙe ciki, ba ta kuwa san haka Maya su ke yi ba sai da muka faɗa mata. Ta ce, "Malam, ai duk mai tukunya ya san wannan."

Kilo guda na busasshiyar ƙwaya ya kan bar wajen giram 800 bayan suya da bakace. In an ba kowa giram 20, ƙoƙo 40 ke nan. Kilo biyar ya shayar da mutum 200. Ba mu ga dalilin bin masu giram 40 ba, kuma wannan ya kawo mu ga maganar ruhu.

Abin da masu zaman da'ira su ke ji a jikinsu ba ƙarya ba ne. A cikin koko akwai sinadarin da a ke kira tiyoburomin, da kuma ɗan kafeyin. Tiyoburomin ya kan buɗe jijiyoyin jini, ya sa zuciya ta ɗan ƙara bugawa, jiki ya yi ɗumi, barci ya gudu. Mutum ya sha mai kauri da yunwa a cikinsa, ya zauna shiru cikin mutanen da ke sauraronsa, ga waƙa, ga kyandir, me zai hana hawaye su zubo? Mai ciwon zuciya, da mai ciki, da mai shan maganin ciwon damuwa, su sha kaɗan ko su tambayi ma'aikacin lafiya tukuna. Kare kuwa kada a ba shi ko lasa, gama jikinsa ba ya iya fid da sinadarin da sauri, yana iya kashe shi. Ɓawon ƙwayar ma kada a zuba wa kaji da aladu da yawa, a kai shi gindin itace ya zama taki.

Mu Hausawa da maƙwabtanmu mun san irin wannan sinadari tun ba yau ba, a cikin goro. Goro da koko dangi ɗaya ne a wurin masana tsire-tsire, a ƙasar Yarabawa ma gona guda su kan zauna. Saboda goro kakannin Hausawa suka yi ta fatauci zuwa Gwanja, har zangon Salaga ya zama gari. Ba a ɗaura aure ba goro, ba a raɗa suna ba goro. Akwai kuma waɗanda a Kudu su ke fasa goro su watsa domin duba, akwai masu miƙa shi ga kakanni. Shin wannan ya hana dattijon kwamiti karɓar goron auren jikarsa? Bai hana ba. Manzo Bulus ya yi wa Korintiyawa bayani a kan irin wannan tambaya game da abinci, masu karatunmu sun san wurin. Itace halittar Allah ne, ba ya ji, ba ya amsawa. Dattijon yana da gaskiya cewa ba za mu zauna muna kiran wata Uwa Koko ba, a ƙofar ɗakin sujada ko a bayan gari. Amma ƙoƙon koko da aka yi addu'ar godiya a kansa bai bambanta da kwanon tuwo ba. Muka kuma roƙe shi kada a yi wa Maya ba'a a kan mumbari, ba su ne suka aiko da bidiyon ba.

Su ma Turawan nan ba abin dariya ba ne. Mutumin da zai biya kuɗi domin ya zauna a ƙasa da baƙi su saurare shi, kaɗaici ne ya koro shi. A 2018 gwamnatin Ingila ta naɗa minista musamman domin matsalar kaɗaici, a 2023 kuma babban likitan gwamnatin Amurka ya fid da gargaɗi a kanta. Mu kada mu yi fariya. Yaushe rabon da a yi gayya ta sosai a ƙauyenku? Yanzu ƙwadago a ke biya, kowa ya ci abincinsa a gindin itacensa, matasa kuma kai a sunkuye kan waya. A bikin da muka halarta bara kowa aka miƙa masa kwalbar lemo da abinci a leda, rabin jama'a suka sa a jaka suka tafi gida kafin a rufe da addu'a. Abin da muka lura ran gwajinmu na biyu shi ne, ɓarar ƙwaya kaɗai ta zaunar da mutum ashirin awa biyu a kan tabarma ɗaya. A nan ne aka sasanta maganar iyakar gona tsakanin gidaje biyu, wadda mai unguwa ya kasa tun damina.

Saura maganar kuɗi, gama saurayin nan yana da wani buri a ƙasan zuciyarsa, ya kuwa faɗa mana daga baya. Ya ga farashin da a ke sayar da kokon bikin nan a intanet, ya ninka abin da dillali ke biyan babansa sau da yawa, yana so ƙauyen ya shiga wannan kasuwa. Haushinsa daidai ne. Abin da ke isa hannun manomi daga kuɗin cakulan da a ke sayarwa a kantin Turai bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Wani bincike da aka fitar a 2020 ya ƙiyasta yara miliyan 1.56 suna aikin da ya fi ƙarfinsu a yankunan koko na Gana da Kwaddibuwa, talaucin iyaye ne tushen abin. Ko a 2024, sa'ad da farashin tan guda ya haura dala 12,000 a kasuwar New York a watan Disamba, bayan shekaru da yawa yana yawo tsakanin 2,000 da 3,000, manoman Gana da Kwaddibuwa ba su ci ribar sosai ba, domin gwamnati ce ke yanka musu farashi. Namu na Nijeriya sun fi samu, tun da an rushe hukumar cinikin koko a 1986, amma a 2025 farashin ya sake gangarowa ƙwarai. Kokon Afirka ta Yamma yana ma da wata fa'ida, ƙarfen kadmiyam da Tarayyar Turai ta sa wa iyaka a cakulan tun 2019 bai cika yawa a cikinsa ba kamar na waɗansu sassan Amurka ta Kudu.

Duk da haka ba mu ba shi ƙarfin gwiwa ya ci bashi a kan wannan ba. Masu sayen kokon biki labari su ke saye tare da kayan, labarin Maya da duwatsun Gwatamala, mu kuwa ba za mu ari rigar wani mu yi ƙarya da ita ba. Kafin a sayar da abinci a leda a ƙasar nan sai an yi rajista da NAFDAC, kafin ya ƙetare teku kuma akwai gwaje-gwajen da ƙungiyar ƙauye ba ta iya biya ita kaɗai. In wani ya zo da mota yana cewa ku bar tsimi ku shanya ɗanye zai biya da dala, ku ce ya ajiye kuɗin tukuna, gama in bai dawo ba, mai sikeli zai tsaga ƙwayarku ya ga toka ya rage muku farashi. Kasuwar da mu ke gani kusa ita ce ta Baissa da Takum, mai shayi a tasha, makarantar kwana, da gidan biki.

Wani zai ce kilo biyar da aka sha kuɗi ne aka zubar. A lissafa abin da kwamiti ya kashe bara a kan akwatunan lemo da kuɗin motar da ta kawo su, sa'an nan a dawo mu yi magana. Abin da mu ke tsoro ya fi wannan: kada aikin ya faɗa kan mata su kaɗai, kamar yadda kowane sabon shiri ya kan faɗa. Niƙan kilo biyar a dutse aiki ne na yini guda, kafaɗa ta kan yi tsami. Mun faɗa a gaban kwamiti cewa in maza ba za su kama turmi da dutse ba, a bar maganar, a sayo lemo.

Kwamiti ya sake zama bayan mako biyu. Dattijon ya ɗanɗana, ya ce barkono ya yi yawa, ya kuma miƙa ƙoƙon a ƙara masa. An shirya gidaje goma su kawo rabin kilo kowanne daga wanda aka shanya a kan gadon gora, ba na ƙasa ba. Mata za su soya ran Alhamis, matasa maza su ɓare su niƙa ran Jumma'a, saurayin mai waya ne shugabansu. Ya tambaya ko za a bari a zauna a da'ira. Dattijon ya ce benci ba zai lanƙwasu ba, amma in an fito da tabarmi gindin mangwaro kowa ya zauna yadda ya ga dama.